Gandunmu a Hoton Sama

Shekarar da ruwa ya ci gandunmu ina aiki a buron noma na Tasawa. Aikina in zauna gaban ordinata, wato kwamfuta, in gwama hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗaukowa daga sama, na kafin ruwa da na bayansa. Inda shuka take, kore. Inda ruwa ya kwanta, baƙi. Sai in zagaye wurin da ya lalace, in wuce gari na gaba.

An yi ruwan ne lokacin da hatsi ke fidda kai. Na kira yayana a ƙauyenmu, can wajen Korgom. Shi ke riƙe da gandu tun rasuwar mahaifinmu, shi ke kula da Inna, wadda ciwon ƙafa ya kwantar.

"Yaya, ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara," in ji shi. "Yi aikinka."

Hadari ya rufe sama kwana da kwanaki, hoto ba ya nuna komai sai gajimare. Ranar da gari ya washe, a sabon hoto na gane tabkinmu, na gane burtalin da Fulani ke bi da shanu. Gandunmu yana gabas da burtalin, cikin kwari. Ba kore, ba baƙi. Fari ne fat. Ruwa ya zo ya wuce, ya bar rairayi. Na zagaye shi yadda na zagaye na mutane, sannan na nemi izinin tafiya gida.

Moto ta kai ni inda hanya ta yanke, na ƙarasa a amalanke. A gona na tarar da Yaya yana tono da hauya. Rairayi ya kai gwiwa. Ya zaro wani ruɓaɓɓen kara, ya duba, ya yar.

"Don mi ba ka gaya mini ba?"

"Da ka yi mi?" Ya share zufa. "Inna ba ta sani ba. Na hana kowa faɗa mata. Kai ma ka kama bakinka."

Amma da Sallar da ta wuce na nuna wa Inna ƙauyenmu a salula, ta sha dariya da ta ga rumbuna kamar ƙwayar barkono. Da na shiga gida, muna gama gaisawa ta ce, "Auta, nuna mini gonar nan a abin naka."

Yaya yana bakin ƙofa yana girgiza mini kai. Hotunan biyu duk suna cikin salular, tsohon da sabon. Na buɗe sabon.

Ta kawo shi kusa da ido. "Wannan farin fa?"

"Rairayi ne, Inna."

"Har da ɗan wurin gujiyata?"

"Har da shi."

Ta ƙura wa hoton ido. Can ta miƙo mini salular, ta dubi Yaya. "Shi ya sa kunu ya tsinke a gidan nan. Ka kai awakina kasuwa tun kuɗinsu bai faɗi ba."

Yaya ya juya ya fita. Har na bar garin bai ƙara yi mini magana ba.

Taimako ya zo, domin garinmu yana cikin waɗanda hoto ya nuna. 'Yan buhuna ne, sun ƙare tun sanyi bai fita ba. Daga nan aka fara cin irin shuka. Kafin bazara Yaya ya bi motar masu haƙar zinariya zuwa arewa. Ta tashar Tasawa ya bi, kusa da gidana, amma daga bakin matarsa na ji ya tafi. Ita ta koma gidan iyayenta da yara, ni kuma na ɗauko Inna.

Yakan kira jefi-jefi. In na ɗauka sai ya yi sallama, ya ce, "Inna tana kusa?" Sai in kai mata salular in fito waje.