Kuben da Ya Riƙe Wuƙar Layya

Ko na tsufa na manta sunan unguwarmu, ba zan manta da safiyar Babbar Sallar da na ɗinka kube da hannuna ba.

A lokacin ina aiki a Samaru, kuma duk Asabar ni da wani abokina, malamin makaranta ɗan kudancin Kaduna, muna haɗuwa a bayan gidansa a Sabon Gari muna ƙera wuƙaƙe don sha'awa kawai. Ni ne mai ƙarfe. In samo tsohon sifirin mota wurin 'yan gwangwan, in gasa, in buga, in goge har ya ɗauki ido. Shi kuma mai fata ne, shi ke ɗinka kube. Ba ma rabuwa, ba ma kuma daina musu kan wanda aikinsa ya fi wuya.

Wata rana baki ya ja ni, na ce masa ai kube riga ce kawai, kowa ma zai iya ɗinkawa. Bai yi fushi ba. Ya miƙo mini fata da basilla, ya ce bismilla, tunda abin ba wuya.

Matsalar ita ce na riga na yi wa surukina alkawarin wuƙar layya. Dattijo ne a Dogarawa, mai ƙarancin magana, wanda tun farko yake ganin wannan ƙira tawa wasan yara ce. Na cika masa baki cewa a bana zai yi yanka da wuƙar da babu irinta a Zazzau, har na sa ya kyautar da tsohuwar tasa. Mutuncina a gidan ya rataya a kan wannan wuƙa.

Na sha ganin abokina yana jiƙa fata, ya lulluɓa wa wuƙa, ya ɗinke, don kuben ya ɗauki siffarta. Haka na yi. Abin da ban taɓa lura da shi ba, yakan shafa wa ƙarfen mai, ya naɗe shi da leda da tsumma tukuna, ya kuma zare wuƙar tun fatar da sauran danshi. Ni kuwa na ɗaure tamau, na ɗora a kan kwanon rufin ɗaki cikin rana kwana uku, wai don ya yi ƙwari. Da abokina ya gani, ya juya shi gaba da baya, ya tambaye ni ko a rana na shanya. Na ce ƙwarai. Ya ce lallai ya yi ƙwari. Na ga yana cije leɓe, amma na ɗauka hassada ce.

Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi, aka kayar da rago a tsakar gida. Ƙannen matata biyu sun danne shi, mata na leƙe daga ƙofar ɗaki. Na durƙusa na miƙa wuƙa da hannu biyu. Surukina ya yaba ɗinkin, ya kama ƙota ya ja. Shiru. Ya gyara tsayuwa ya sake ja. Fatar ta bushe ta kama ƙarfen kamar tare aka halicce su. Na riƙe kube, shi ya riƙe ƙota, muka yi ta jan juna, ni da mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi. Ɗaya daga cikin masu danne ragon ya saki don ya taimaka, rago ya miƙe ya yi bayan gida da gudu. Na ji dariyar matata a cikin ta sauran, kuma har yau ban gama yafe mata ba.

Surukina ya dube ni ya ce, "Malam, wuƙar ma azumi take yi?"

Da ƙasa za ta tsage, da na shige. Muna cikin haka aka yi sallama. Abokina ne ya sauka daga keke mai ƙafa uku. Ya saba zuwa cin naman Sallah da yamma, amma ran nan tun hantsi ya iso, wai ya zo gaisuwa. Ya gaida dattijon, ya zaro 'yar aska daga aljihu, ya farke ɗinkina cikin natsuwa. Wuƙa ta fito da jar tsatsa a jikinta. Ya goge ta da mai, ya wasa, sannan ya fito da sabon kube da ya ɗinka a ɓoye, daidai da ita. Ashe tun ranar da ya ga nawa ya soma aikin.

Aka kamo rago, aka yi yanka lafiya. Surukina ya ce kaifi dai ba laifi. Da aka feɗe, ya naɗe fatar ya miƙa wa abokina, ya ce, "Ɗana, daga yau fatar layyar gidan nan taka ce. Shi kuma wannan a bar shi da ƙarfe."

Shekaru sun wuce, ba a fasa ba. Duk Sallah ni ake ba fatar in kai Sabon Gari da kaina, kuma duk shekara sai abokina ya tambaye ni ko zan taya shi shanyawa.

Tun daga ranar na koyi cewa aikin da ka gani kamar ba wuya, gwanintar mai yinsa ce ta ɓoye maka wuyar. Yanzu ko maɓalli na ga ana ɗinkawa, bakina nake kamawa.