Ranar da Inna ta Ƙi Saukowa daga Nakkasa

Aikina gyaran lifta ne a otal-otal ɗin unguwar Misfala da ke Makka. Na yi shekaru ina hawa da sauka a cikin ramin ƙarfe kafin a yarda a canza sana'ar da ke rubuce a igamata daga lebura zuwa ma'aikacin fasaha. Igama ita ce katin zama a Saudiyya, kuma mai katin lebura ba shi da damar ɗauko iyalinsa. Ana canzawa na shigar da takardun matata da 'ya'yana biyu, aka ce in jira. A cikin jiran nan ne na ce bari in fara kawo mahaifiyata da bizar ziyara, ta yi umara, ta ga inda ɗanta yake neman abinci. Ni na tsaya mata. Idan wa'adinta ya wuce ba ta fita ba, ni za a kama, a ci ni tara, a kore ni daga ƙasar, maganar zuwan iyalina kuma ta mutu murus.

Ranar da na fara shiga da ita Harami ba za ta fita daga raina ba. Ni ido ya riga ya saba, har nakan ratsa harabar ina tunanin wata waya da ta ƙone a hawa na sama. Inna kuwa tana hango Ka'aba ta tsaya cik, takalmanta a hannu, mutane suna ture ta ba ta ma sani ba. Duk addu'o'in da ta haddace tun daga gida suka gudu suka bar ta. Abin da ya fito daga bakinta kawai shi ne, "Ashe da gaske ne." Sai na sake duban Ɗakin kamar ban taɓa ganinsa ba, na yi kuka a gaban jama'a da girmana.

Daga nan Inna ta fi ƙarfina. Matar da a garinmu ba ta tsallaka titi sai da jika riƙe da hannunta, ita ce ta koyi shiga bas daga unguwarmu Ka'akiyya zuwa Harami ita kaɗai. Takan fita da hantsi, sai bayan la'asar ta dawo da labarai fal baki. Ta yi ƙawaye daga ƙasashen da ba ta iya faɗin sunansu ba, tana yi musu faɗa da Hausa a kan gyaran sahu, su kuma suna gyarawa. Idan ta same ni ina barci ranar hutuna sai ta tsaya a kaina tana salati, wai Allah ya ajiye mutum a ƙofar Ɗakinsa amma ya zaɓi katifa.

Na sabunta mata bizar har aka kai inda ba a ƙara sabuntawa. Na yanki tikiti, na zaunar da ita na gaya mata. Ta ce, "To." Duk wanda ya san Inna ya san akwai "to" ɗin da ba ta nufin komai sai a bar maganar. Ana saura 'yan kwanaki tafiya na dawo daga aiki na tarar an share ɗaki tas, an rufe mini abinci, ƙaramar jakarta ba ta nan. Matar maƙwabcina, wani tela ɗan Nijar, ta ce Inna ta bar saƙo: ta tafi unguwar Nakkasa wurin wata 'yar garinmu da suka haɗu a Harami, kada in wahalar da kaina.

Washegari da sassafe na kama hanya raina a ɓace. A lokacin ba a rushe yawancin Nakkasa ba. Gidaje ne a kan dutse, wani bisa wani, lunguna sai mutum ya karkace, ga ƙamshin ƙosai, ga yara suna zagin juna da Larabci iyayensu suna raba su da Hausa. Mafi yawan mazauna wurin sun zo aikin hajji ne suka zauna babu takarda. Ina hawa ina haki ina shirya maganganun da zan gaya wa tsohuwar da ta hure wa uwata kunne.

Da aka nuna mini ɗakin, sai na ga na san ta. Goggo ce, aminiyar Inna tun suna 'yan mata, wadda ta tafi hajji ina yaro ba ta sake komawa ba. Ta tsufa ƙwarai, tana tuƙa tuwon sayarwa a zaune saboda gwiwa. Na durƙusa na gaishe ta, rabin faɗan da na zo da shi ya zube a ƙofa. Inna tana gefe tana gyara kukar miya, ko kallona ba ta yi ba.

Na ce, "Inna, ki yi wa Allah ki taso mu tafi."

Ta ce, "Ina? Gidan Allah na zo. Shekaruna nawa suka rage? A nan nake so a binne ni."

Na yi mata bayanin da na sha yi. Na ce sunana ne a kanta, askarawa ba ita za su nema ba, ni za su nema. Na ce surukarta da jikokinta suna can sun ɗaure kaya suna jira, idan aka kore ni ba za su taɓa taka ƙasar nan ba. Ta ci gaba da gyaran kukarta. Ban taɓa jin rashin ƙarfi irin na wannan lokacin ba, don ba a jan uwa da hannu, kuma ni kaina na san abin da take so ba abin banza ba ne.

Goggo ce ta ajiye muciya. Ta ce da ni, "Halas, ya waladi, ya isa ɗana, yi shiru haka." Sannan ta juya ga Inna. "Jiya na tambaye ki wa ya yi wa 'yata wanka da ta rasu. Me kika ce?"

Inna ta ce, "Ni."

"Ke kika wanke ta, ni da na haife ta ina nan ina tuƙa tuwo. Wallahi ban yi da-na-sani ba, ko yau aka ce in zaɓa, nan zan zaɓa. Amma ni da na zauna, a wuyana kaɗai na ɗauka. Ke a wuyan yaron nan za ki zauna, da matarsa, da 'ya'yansa. Wannan ba irin zamana ba ne."

Ina kallon matar nan da ta ba da duk abin da ta mallaka don ta kwana ta tashi kusa da Ka'aba, ga shi tana korar aminiyarta daga abin da ita ta samu. Har yau idan na tuna sai in ji girmanta ya cika mini ido.

Sai Inna ta jawo jakarta, ta zaro wani farin yadi a naɗe, sabo fil. Likkafaninta ne, ashe tun daga gida ta taho da shi ban sani ba. Ta ce, "Akwai zamzam a gidan nan?"

A nan na gane ta yarda. Alhazanmu sukan jiƙa likkafani da zamzam su shanya su tafi da shi gida, don ranar da za a binne su nesa da Makka. Wanda za a binne a Makka ba ya buƙatar haka.

Goggo ta nuna jarkar da take tanadi, ta ce a juye duka. Na kai roba saman rufi, tsofaffin biyu suka hau da ƙyar. Inna ta tsoma yadin da hannunta tana matsawa a hankali, ruwan da ya rage Goggo ta hana a zubar. Na riƙe gefe ɗaya, Inna ta riƙe ɗaya, muka shanya a igiya. Daga can sama ana ganin hasumiyoyin Harami a tsakanin duwatsu, kuma muna tsaye aka kira azahar, sautin ya taso daga kwarin, masallatan unguwa suka amsa ta ko'ina har na ji dutsen kamar yana motsi. Inna tana fuskantar wajen, hawaye yana zuba, ba ta share ba. Kafin mu idar da salla ranar Makka ta busar da yadin.

Muna saukowa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Idan jikokina sun zo, ka kai su Harami tun suna ƙanana. Kada su jira tsufa irina."

Ta fita cikin wa'adi. Bayan 'yan watanni aka amince da takarduna, na tarbo matata da yara a filin jirgin Jidda. Inna ba ta sake ganin Makka ba. Ta rasu a garinmu wata safiya ina wurin aiki, kuma kafin in gama neman izinin fita an riga an kai ta makwancinta.