Muryar Inna a Cikin Randa

Shekarar da Inna ta tafi aikin Hajji muna zaune a Gusau, ba a daɗe da ba mu jiha ba. Lokacin babu wayar hannu. In naka ya tafi Makka, sai dai ka kasa kunne ga rediyo bayan la'asar, don akwai wakilin da ke bin alhazai yana naɗo muryoyinsu suna gaida gida.

Baba kuwa, da ke can gida Tsafe, tun da aka ɗaura masu aure da Inna bai taɓa kwana bai ji faɗanta ba. Tana tafiya ya rage cin abinci. Ga shi kunnensa ya yi nauyi, ɗan rediyonsa na Tsafe ko ya manna shi a kunne sai ya ce shiii kawai yake ji. Da aka sanar cewa ran Alhamis alhazan Tsafe za a saka, maigidana ya aika masa ya taho, ya yi alkawarin zai ji Inna kamar tana tsakar gida.

Maigidana tela ne, amma bai taɓa ganin abu mai noti ya ƙyale shi ba. Ya je Bungudu wajen abokinsa mai gyaran mota ya samo wata ƙatuwar sifika, ya buɗe bayan rediyonmu, ya cire ƙaramar da aka yi shi da ita, ya jawo waya. Sai ya ɗauki tsohuwar randata ya kifa sifikar a bakinta ya liƙe da ƙaro. Batura kuma ya jera manya a cikin kwali, ya naɗe, ya ɗaure da robar tayar keke, ya ɗora a kafaɗar randar.

Na ce, "Malam, randar tawa fa?"

Ya ce, "An yi mata ƙarin girma. Da ruwa taka sha, yanzu labarin duniya za ta riƙa ba ki."

Da ya kunna, wallahi sai da kaji suka watse. Murya ta fito daga cikin randar nan mai kauri, har a ƙirji nake jin ta. Muna cikin murna sai ƙit, ya mutu. Kafin Malam ya miƙa hannu ya farfaɗo da kansa. Ya yi magana kaɗan, ƙit, ya sake ɗaukewa, ya sake dawowa. Haka ya wuni kamar mai shaƙuwa.

Babu abin da Malam bai yi ba. Ya shanya batura a rana, ya ciccije su, ya sayo sababbi. Ya ƙara wa eriya tsawo da wayar shanyata. Ya hure cikin rediyon da famfon keke. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce wai randar da ta daɗe a lungu ba a rasa mai kwana a ciki, a yi mata hayaƙi. Aka yi. Randa ta yi ƙamshi, rediyo bai fasa shaƙuwa ba.

Ran Laraba Baba ya iso. Ya zagaya randar, ya ƙwanƙwasa ta da sanda, ya ce, "Nan ciki za ta yi magana? To, Allah shi sa ta ɗauke ta." Malam ya yi dariyar yaƙe. Bai yi ɗinki ba ranar nan. Ya ce in ta ƙi sai ya mayar da ƙaramar sifika, amma ni da shi mun san in aka mayar, Baba ba zai ji komai ba.

Ni ban san komai a kan waya ba, amma ina gida kullum, kuma kunnena ba ya barci. Ran Alhamis bayan azahar ina tankaɗe, rediyo na gefe yana mutuwa yana tashi, sai na lura da wani abu. Wata mata ta yi ta bayani a kan rigakafin yara har ta gama, bai ɗauke ba. Mai karanta labarai na cewa "Jama'a", ƙit.

Na ce, "Malam, rediyon nan maza ne ba ya so."

"Kin fara ko?"

"Zauna ka ji."

Ya zauna. Aka sa waƙar 'yan mata, lafiya lau. Aka buga ganga, ƙit. Wani malami mai murya kamar daga rijiya ya yi sallama, ƙit. Malam ya washe baki ya ce, "To ai shi ke nan! Inna mace ta, za ta wuce."

Baba da ke kan tabarma ya sa aka maimaita masa da ƙarfi. Ya girgiza kai. "Uwarku? Wadda in tac ce a kama akuya, mutanen bayan dutsi ka riƙe tasu? Ai ita za ta kashe shi gaba ɗai."

Gaskiya ya faɗa. Inna duk Tsafe an san muryarta, ta fi ta maza da yawa kauri.

Na je na dafa randar da tafin hannu ina jiran namiji ya yi magana. Yana farawa na ji tana rawa kamar ana daka a maƙwabta, kwalin baturan nan kuma yana tsalle a kafaɗarta. In ya yi tsalle sai baturan su rabu da juna, in rawar ta lafa su koma su haɗu. Na ɗauke kwalin, na matse bakinsa biyu da hannuwana. Mai labarai ya yi ta zuba har ya kai ƙarshe.

Malam ya yi kabbara. Ya ce bari ya yi masa akwatin katako, amma la'asar ta kawo jiki. Na ce ya bari, ni ce akwatin yau.

Haka na zauna a ƙasa, batura a cinya, na matse su kamar na kama kaza. Mata maƙwabta suka cika tsakar gida. Aka matso da Baba har kunnensa na taɓa randa. Alhazai suka yi ta wucewa, kowa da jerin gaisuwarsa, yatsuna suka fara sanyi, hancina na ƙaiƙayi ba halin sosawa.

Sai randa ta ɗauki rawa.

"Salamu alaikum! Ni ce ta Tsafe, ta bakin kasuwa. Lahiyata lau, mun yi ɗawafi, ƙafa ce kawai ta kumbura. Ina gaida ɗiyata ta Gusau da mijinta tela. Kai kuma maigida, na san ba ka cin tuwo. Ka ci! Kuma kar a bar jar akuyata ta shiga gonar mutane!"

Tsakar gida ta kaure da guɗa. Ni dariya ta kama ni har na saki batura, rediyo ya yi ƙit, amma ta riga ta gama. Baba yana share ido da bakin rawani yana cewa, "Kun ji ta ko? Daga Makka ma ba ta bar ni ba."

Ya juyo ya dube ni. "Ke, akwai sauran tuwon jiya?"

Akwai. Na ɗumama masa, ya cinye, ya ce a ƙaro miya.