Jumare Mai Tsaron Furen Lili

A bakin titin Keffi zuwa Abuja, inda ake sayar da furanni a baƙaƙen ledoji, akwai wani dattijo dogo, siriri, da malafar da rana ta cinye wa baki. Tsayuwarsa kaɗai ta nuna makiyayi ne: sanda gicciye a kafaɗa, hannaye rataye a kanta. Amma ba saniya ko ɗaya a bayansa. Wataƙila inda yake kiwo a da ne aka zagaye da katanga, aka yanka fulotai.

Yanzu yana tsugune yana raba saiwar lili, mai kama da albasa. A hankali yake ɓalle 'ya'yan daga jikin uwar, kamar mai yaye maraƙi, yana binne kowanne a ledarsa.

Sai ga garke ya biyo gefen titi. Wata farar saniya ta miƙa wuya cikin furannin.

"Baba Jumare, ga shanun mutanenka," in ji matar da ke da lambun, daga inuwa. "In ta ci ganye ɗaya, ka nemi wani aikin."

Ya san kiran da zai juya saniyar ba tare da duka ba. Amma matar tana kallo, kuma duka take son gani. Ya sauke wa saniyar sandar a gadon baya.

Da garken ya wuce, ya bi sawunsu ya kwashi kashin shanun da hannu. Ya daɗe riƙe da shi, da ɗuminsa, kafin ya zuba wa furannin.