Ragar Talle

Alamin na cikin auna gero a kasuwa aka kira shi, aka ce abokinsa Talle ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa na walda, rai ya yi halinsa. Tun bayan jana'iza ya kasa zama wuri ɗaya. Ya shiga zauren gidansa ya fito, idonsa na kan buhun ragar da ke jingine a lungu.

Talle, Allah ya jiƙansa, shi ya kawo ƙwallon raga filin Ƙofar Sauri. Shi ya ƙera turakun, ya koya wa samari cewa taɓawa uku ake yi ƙwallo ta tsallaka. Gajere ne, sai dai ya ɗaga wa Alamin ƙwallo ya doka, shi Talle kuma ya yi ta ihu. Kullum shi ke ɗaura ragar, shi ke komawa da ita gida.

Yau an tashi zaman makoki, La'asar ta yi, samari na filin ba mai ɗaura musu. Alamin ya saɓi buhun, yana tuna yammacinsu na ƙarshe da Talle.

"Dogo, yau ajiye ta wajenka."

"Lafiya, gajere? Ta ishe ka ne?"

"Hannunka ya fi kaiwa sama. Kar dai ka bar su suna jira."