Telan Da Yake Karanta Gwiwar Wando

Shekara talatin da ɗoriya Tela ya yi yana ɗinka kayan makarantun 'yan ƙasashen waje, amma bai taɓa leƙa aji ko ɗaya ba. Iyakarsa bakin ƙofa, ya miƙa wa maigadi ƙullin kaya ya juyo. Duk da haka, baƙon da aiki ya kawo garin da iyalinsa, yana neman makaranta mai manhajar Birtaniya, abin da ake fara ce masa shi ne, "Je ka wurin Tela tukuna."

Makarantun uku ne, kowacce da suna mai tsawo da ke karya harshe. Tela bai taɓa wahalar da kansa ba, da launin rigarsu yake kiransu: Kore, Shuɗi da Toka. Shi ke ɗinka sabo, shi ke gyara tsoho, kuma a gyaran ne iliminsa yake.

Sai ka ga baƙo ya shigo da takardun talla masu ƙyalli, yana tambayar sakamakon jarrabawa da wurin ninkaya. Tela ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya ture almakashi gefe, ya baje kaya uku a kan tebur.

"Wannan Toka ce. Dubi gwiwar hannu, ta goge, ga tawada. Karatu suke yi ba ɗaga kai. Wannan kuwa Shuɗi ce." Sai ya zura yatsa ta hujin gwiwar wando. "Gudu ake yi a can, ana faɗuwa, ana tashi. Aljihu kullum da tsakuwa. Kore kuma ta fi su kyan ƙofa, wandonta yakan dawo kamar ba a sa ba. Amma juya hannun rigar sanyin nan ka gani."

Baƙo ya juya, ya ga bakin hannun a taune.

"Ba ɓera ba ne," in ji Tela. "Yaro ne da magana a bakinsa, bai sami wanda zai gaya wa ba. Akwai yaran da Kore ta dace da su, masu son zama tsit. Kai ka san naka."

Tambayarsa ta ƙarshe kafin ya ɗauki awo ita ce, "Shekara nawa za ku yi?" Mai zaman shekara ɗaya, kalmasa ƙarama ta ishe shi. Mai daɗewa kuwa sai a naɗe masa yadi da yawa a ƙafar wando, yaro na girma ana saki. Tela yana alfahari da cewa bai taɓa yi wa baƙo ƙarya ba, kuma gaskiyarsa ce. 'Yar cikinsa ya yi wa.

Autarsa ce ta dawo bayan shekara goma sha ɗaya a waje, don kamfani ya turo mijinta injiniya aiki a garin. Suka zo da 'yarsu mai shekara takwas, wadda Tela bai taɓa gani ba sai a waya. Hausarta tsinta-tsinta ce, ƙafarta kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Ranar farko ta kifar masa da gwangwanin maɓallai, shi ya sa ya raɗa mata 'Yar Maɓalli.

Auta ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. "Baba, zango ɗaya za mu gwada. In ba ta saba ba, ni da ita za mu koma, ta ci gaba da tsohuwar makarantarta. Wacce ka gani?"

To, ga inda Shaiɗan ya sami wurin zama. Shuɗi tana can ƙarshen gari, tafiyar awa guda in hanya ta cushe. Kore kuwa a bayan shagonsa take, har ƙararrawarta yana ji. Tela ya dubi yarinyar tana tsalle daga tabarma zuwa kujera, ya san amsar sarai. Ya buɗe baki ya ce, "Kore."

Matarsa tana zare tsohon ɗinki a gefe, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Malam, yau ba za a baje kaya a tebur ba?"

"Na gida ba ya bukatar wannan."

"Uhm," in ji ta. Wannan uhm ɗin ya kwana biyu yana bin sa.

Da ya zo awo, Auta ta ce, "Kada ka bar kalmasa da yawa, Baba, ba mu sani ba tukuna." Ya yi ƙarama, ransa bai so ba.

Makonnin farko Tela ya sha daɗi, ba sai an faɗa ba. Ƙarfe uku na yi zai tsayar da keke ya kafa wa ƙofa ido. Ta shigo, ta ce "Sannu, Kaka," ta zauna tana ware maɓallai, fari daban, baƙi daban. Har yabonta yake yi wa maƙwabta wai ta natsu. Mutumin da ke karanta 'ya'yan wasu daga aljihu, ga tasa jikar a gabansa ta daina tsalle, shi kuwa wai natsuwa ce!

A mako na biyar Auta ta ajiye masa rigar sanyi. "Injin wankin nan yana cin hannun riga."

Tela ya juya hannun, ya gan shi a taune. Mai hankali a nan zai yi magana. Shi kuwa abin da hannunsa ya saba ya yi: ya datse wurin, ya mai da baki, ya goge. Bayan kwana goma ya sake datsewa. A karo na uku hannun rigar ya tsaya can sama da wuyan hannu.

"Ikon Allah," in ji matarsa. "Jikar taka ta hannu kaɗai take girma?"

Ran nan da yamma ya ɗago daga keke ya ga 'Yar Maɓalli tana lalubar hannun rigar da baki, ba ta kai ba, don ya gajarta shi. Sai ta kama wuyan rigar ta sa a haƙori. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba.

"Zo nan. Da wa kike wasa a makaranta?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Ba a gudu a can, Kaka. Mama ta ce mun kusa komawa."

Da Auta ta zo ɗaukarta, ta tarar da kaya uku a baje a tebur. Ya yi mata bayani tiryan-tiryan kamar baƙuwa, ya ƙara da na huɗu, rigar 'yarta. "Ba inji ba ne. Tun ranar farko na san Shuɗi ce tata. So na yi in riƙa ganinta kullum."

Auta ta daɗe tana kallon guntun hannun. Ta so ta yi faɗa, dariya ta ƙwace mata, hawaye ya biyo baya. "Haba, Baba! Da mun ƙara wata guda ai da shimi za ta riƙa zuwa."

Aka mai da ita Shuɗi ana saura mako huɗu a yi hutu. Ƙarfe uku ya zama ba kowa a ƙofa, sai Asabar kawai. Kowace Asabar kuwa, kafin ya amsa gaisuwa sai ya karɓi wandon ya duba. Ta farko, lafiya lau. Ta biyu, ko ƙwarzane babu. Bai taɓa tsanar ɗinkinsa mai ƙarko ba sai a lokacin, har matarsa ta ɓoye reza don kada ya taimaka wa wandon.

Asabar ta uku yarinyar ta shigo tana rakuɓe a bayan uwarta, hannu a baya.

"Nuna masa abin da kika yi," in ji Auta.

Ta miƙo a hankali. Gwiwar ta farke tun daga wannan ɗinki har wancan. Tela ya zura hannunsa gaba ɗaya ta hujin, ya girgiza wandon, tsakuwa uku suka faɗo da wata 'yar takarda mai rubutun wata yarinya daban. Ya yi ta dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido.

"Wannan ya wuce faci," ya ce. "Sabo za a yi."

Ya ɗauko tef, ya durƙusa ya auna ƙafarta, ya kai alli kan yadi. A nan ya tsaya. Tambayar da ya shekara talatin yana yi wa baƙi ce ta rage: shekara nawa za su yi?

Auta ta dafa kafaɗarsa. "Baba, ka bar kalmasa da yawa."