Furar Iri

Jiya da la'asar aka yi yayyafin farko, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan nata. Ina tsaye da goyo a bayana sai na ji gabana ya faɗi, kamar yadda yake yi duk shekara. Bari in gaya muku dalili.

A ƙauyenmu na wajen Barkiya, in an yi girbi, Baba kan zaɓi zangarniyar gero mafi tsawo da cika, ya ɗaure, ya rataye a madafi saman murhu, don hayaƙi ya hana ƙwari taɓa ta. Wannan shi ne iri, abin shukar baɗi. Kowa a gidan ya sani. Ni ma an gaya mini, amma shekarata tara, kaina na wajen wasa.

A wata shekara damina ba ta yi kyau ba, kafin bazara ta ƙare rumbunmu ya kusa ƙasa. Ran nan Baba ya kai akuya kasuwar Dutsin-Ma, Inna da Kaka suka tafi barka, aka bar mini gida. Na ce yau zan nuna musu na girma. Na taka turmi na sauko da damin nan da hayaƙi ya baƙanta, na sussuke, na sheƙe, na yayyafa ruwa na surfe shi tas. Tafin hannuna ya yi jawur. Na zauna ina jiran yabo.

Geron da aka surfa kuwa ba ya tsirowa.

Inna ta shigo, ta ga igiya tana lilo, ta ɗora hannu a ka. Baba ma ya dawo ya gani. Ya zauna gindin rumbu, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Da dukana ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Kaka, mahaifiyar Baba, ta tsuguna ta murza geron a yatsunta.

"Ke ƙawata, wa ya koya miki surfe haka? Ko dusa babu!"

Ta leƙa bayan turmi, ta tsinto zangarniya bakwai da suka zame mini.

"Alhamdulillahi. Ɓarauniyar ta bar mana bakwai."

Baba ya ce, "Iya, me bakwai za ta yi wa gona?"

"Bar ni in gama godiyar bakwai ɗin tukuna, sannan mu yi maganar gona."

Washegari ta sa aka yi fura da geron duka. Ta rarraba a ƙananan ƙore, ta aike ni gida-gida. Ta ce, "Duk wadda ta tambaye ki, ki faɗi gaskiya. Furar iri ce, ke kika surfa." Ina tafiya ina kuka. Wasu suka yi dariya, wata tsohuwa ta ja mini kunne. Amma a wajenmu ba a mayar da ƙwarya haka nan. Kowace ta dawo da ɗan gero a ciki, wanda ba a surfa ba, yana warin hayaƙin madafin wasu.

Gonarmu ta wannan shekarar abin kallo ce. Wani gero dogo, wani gajere, wani ya nuna tun maƙwabcinsa bai fid da kai ba. Masu wucewa suna tsokanar Baba. Kaka kuwa cewa take mun fi kowa daɗewa muna gasa tumu.

Yanzu a Dutsin-Ma nake, gidan haya. Iri a leda ake sayensa, maƙwabciyata ma ban taɓa ganin madafinta ba. Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙanta, ni kuwa ban gaji zuciyarta ba. Tari ɗaya ɗana zai yi in rasa sukuni. Makon jiya ya kwana uku da zazzaɓi, ba ya karɓar komai. A na huɗun ya sha kunu cokali uku, ya kau da kai.

Babansa ya ce, "Uku kacal?"

Sai na ji bakina ya ce, "Alhamdulillahi, har uku." Na sake ɗebo cokali.